Aninin Famfo da Littafin Malam Basharu

Jiya na ji ɗayanku, ku yaran rumfata, yana cewa aikin bangon littafi aikin zaman inuwa ne, wai fata ce da zare da talge, duk wanda ya iya ɗinke takalmi ya iya shi. Ban tanka ba, domin akwai zare a bakina. Yau na ajiye basilla na ɗauki alƙalami. Bokona na tsufa ne, hannuna ba shi da kyau, amma za ku karanta abin nan daga farko har ƙarshe, bi da bi, kamar yadda ya faru. In kun gama, kada wani ya sake tambayata abin da ya sa bangon nan da babu littafi a cikinsa yake rataye bisa ƙofar rumfa.

Aikin farko da Kawu Nomau ya ba ni ba na allura ba ne. An kai ni rumfarsa ina yaro, ba a daɗe da shigowar Nasara garin nan ba, ya dube ni sama da ƙasa, ya aike ni wurin majema in zaɓo fatar akuya guda. Na zaɓo wadda ta fi ja, ina murna. Ya ɗaga ta ga rana, sai ga ƙananan huji kamar an watsa gero, wurin da ƙaya ta soki akuyar tana da rai. Ya naɗe ta ya buga mini a ƙeya.

"Koma. Ido ba shi sayen hwata, rana ka saye. Ɗaga ta ka gani."

Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin rumfa da majema har na iya. Bayan zaɓe sai murza, a murza fata har ta yi laushin ƙyalle. Bayan murza sai fere gefe da aska, a rage kaurin bakin fata yadda in an naɗe ta bisa kwali ba za ta yi tudu ba. Aska ta zarce kaɗan, fata ta tafi. Bayan fere sai dama talge. Namu ba irin wanda kuke saye a gwangwani ba ne: garin alkama ne, a dama shi da ruwan ɓawon maɗaci saboda gara. Kawu yakan sa ni in ɗanɗana. In na haɗiye ban yamutsa fuska ba, sai ya ce, "Zubar. In kai ka iya ci nai, gara ma ta iya." Sai da na yi damina da rani ina wannan kafin ya bar ni na taɓa basilla, sai da na yi gemu kafin ya bar ni na ja layin baƙi da kuloko, rinin da muke zanen fata da shi, a bayan bangon littafi. Ku kuma wata biyu kun fara tambayar yaushe za a ba ku aikin zane.

Wani abu kuma da ba ku sani ba, domin kun tashi kun tarar da littattafan ɗab'i: littafin garin nan ba a ɗinke shi. Falle-falle yake. A ƙasan kowane falle an rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba, da ita ake jera shi in ya watse. Mu aikinmu shi ne mu yi masa tadarishi, wato bango mai marfi da ake kwantar da fallayen a ciki a ɗaure da igiyar fata, sa'an nan mu yi masa gafaka, a rataye ta a bango nesa da ƙasa. Akwai dalili. Malami yana zaune a zaure da ɗalibai da yawa, littafi ɗaya, sai ya zare falle ya ba wannan, ya zare ya ba wancan, kowa ya je ya kwafa ya dawo da shi. Ba a taɓa jin falle ya ɓace ba, domin malami ya san gidan kowa da uban kowa. Masu kawo mana aiki ke nan, malamai, kuma babu mai wuyar sha'ani kamarsu. Sai su shinshina fata, su ja igiya, su juya gafaka ciki waje suna neman inda zare ya yi tsalle. Ban taɓa jin haushinsu ba. Abin da za a sa a ciki ya fi fatar daraja.

Famfo ya zo garin nan Kawu ya riga ya rasu, ina da rumfa tawa. Aka kafa kawunan famfo a unguwanni, ɗaya a nan Ƙofar Kware, ana sayar da ruwa garwa-garwa. Bayan 'yan shekaru aka ce za a buɗe ɗakin karatu na kowa da kowa, wanda talaka zai shiga ya zauna ya karanta ba a tambaye shi ɗan wane ne ba. Aka ba da wani tsohon soro kusa da kasuwa, aka naɗa kwamiti, da wani Bature a kansa wanda muke kira Mai Lofe, saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Shi ya kawo dabarar kuɗin riƙe ɗakin: a ƙara anini ɗaya a kan kowane ɗauki na ruwa a bakin famfo. Hujjarsa ita ce kowa yana shan ruwa, saboda haka kowa zai biya kaɗan, babu wanda zai ji nauyi.

Maganar tana da daɗin ji, amma ramuka biyu ne a cikinta. Na ɗaya, ba kowa ke sayen ruwa ba. Manyan gidaje, inda masu karatun suke, da rijiyoyinsu a tsakar gida. Masu biya su ne 'yan garuwa da matan lungu da suke saye a hannunsu. Wannan kowa ya gan shi tun ranar farko, aka yi gunaguni aka yi shiru. Na biyu shi ne babba, kuma ban hango shi ba a lokacin. Ba aikina ba ne in hango. Akwai waɗanda ake ba albashi kowane wata domin su hango. Za mu zo kansa.

Aka ɗauke ni aikin gyaran littattafai a ɗakin, ƙarƙashin wani akawu, Malam Lawali, saurayi mai tsafta wanda ya yi makarantar boko. Ranar da labari ya bazu na biyo ta bakin famfo, sai wani ɗan garuwa ya tare ni. Arzika sunansa, mutumin Kwalkwalawa, da rani yake shigowa gari ɗaukar ruwa, da damina ya koma gona. Ya sauke sandarsa daga kafaɗa yana haki.

"Baduku! An ce kai anka ɗauka aikin ɗakin ga. To ka sani ni ka biyan ka, in ka gan ni ka riƙa gaisuwa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, maigida."

"Ba wasa nika yi ba. Kullum sahe sai na aje anini don littahi, ni da ko baƙi guda ban sani ba. In ka ga shahi mai kyau ciki, ka ce wanga na Arzika na."

'Yan garuwa suka fashe da dariya, ni ma na yi. Daga baya shi ke cika randar da ke bakin ƙofar ɗakin, ya leƙa ya ce yana duba dukiyarsa.

Abin da ke cikin ɗakin da farko jaridu ne, da 'yan littattafan boko na noma da kiwon lafiya, da hotuna. Malamai suka leƙa sau ɗaya ba su dawo ba. Sai kwamiti ya ce a nemi aron littattafan hannu daga gidajen malamai, domin ɗakin ya yi daraja. Waɗansu suka bayar, muka rataye gafakokin a ƙusoshi. Nan fa matsala ta ɓullo. Mai karatu ya zo, ya zare falle kamar yadda ya saba a zauren malaminsa, ya sa a aljihu zai je ya kwafa. Ba ɓarawo ba ne, al'ada ce. Amma a nan babu wanda ya san gidansa, shi kuma ya tafi ƙauyensu da niyyar dawowa, bai dawo ba. Littafi biyu suka yi giɓi. Malam Lawali ya kafa doka: duk littafin da za a karɓa daga yau, sai an ɗinke shi an buga masa lamba, kuma mai lamba ba ya fita ƙofa sai kwamiti ya zauna. Ina gaya muku, a kan ɗinkin yana da gaskiya. Ban ja da shi ba.

Littafin Malam Basharu shi ne babban aikin da na taɓa yi. Malam Basharu dattijo ne a nan Ƙofar Kware, tun zamanin Kawu mu ke yi wa gidansu gafaka, shi ya sa kwamiti ya aike ni wurinsa. Littafin na rabon gado ne. Abin da ke tsakiyar shafi akwai shi a kowane zaure na garin nan. Gefen ne babu irinsa. Kakansa da ya kwafe shi ya yi alƙalanci, duk shari'ar gado mai wuya da ta zo gabansa sai ya rubuta yadda ya warware ta a gefe da siririn alƙalami. Uban Malam ya ƙara nasa, Malam ya ƙara nasa, har rubutu ya zagaye shafi ta kowace fuska. Alƙalai kan aiko daga nesa a duba musu gefen nan.

Na durƙusa na yi gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Idonsa ya riga ya fara rauni, kuma 'ya'yansa duk fatauci suka bi.

"Ɗan Nomau, ɗakin ga naku yana zuba?"

"Allah shi gafarta Malam, ba shi zuba."

"Wa ka yi mai yaɓe in damana ta matso?"

"Hukuma, Malam. Akwai kuɗin famfo."

"Hm. An ce sai an ɗinke shi."

"Haka na, Malam, don kar a zare."

"In ɗinki ka tsare shi, ɗinka. Amma kar allura ta taɓa harahi." Ya sa aka sauko da gafakar, ya ɗora mini a hannu biyu. "Ni ban san hukuma ba, ban san kwamiti ba. Kai nis sani. Kai nib ba."

Ku da kuke cewa aikin sauƙi ne, ga yadda aka yi shi. Da farko na jera fallayen ta kalmar ƙasa, na tabbata babu giɓi. Sa'an nan na duba inda allura za ta bi, na ga babu, rubutu ya kai har baki. Saboda haka na yanka siraran tsirin farin yadin akoko, na liƙa wa kowane falle nasa a gefen ciki da talge, a kan ɗan farin da bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba. A bar shi ya bushe a ƙarƙashin dutse kafin a taɓa na gaba. Bayan haka na haɗa su kashi-kashi na ɗinka a kan akokon, ba a kan takarda ba. Bayan haka na haɗe su duka a gadon baya, na shafe da talge mai ɗacin da ko kusa da hanci ba a kai shi. Daga ƙarshe bango: jar fatar da na ɗaga ga rana ban ga huji ko ɗaya ba, da layin kuloko, da marfi mai rufe bakin littafi. Rani guda ya ci. Allura ba ta taɓa harafi ba. Da na kai wa Malam ya shafa shi da tafin hannu, ya ce, "Nomau bai mutu ba." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Wannan ranin an yi zafi ƙwarai, rijiyoyi suka ja baya, layin garewani a bakin famfo har ya karya kwana. Anini ya taru. Ana cikin bazara Malam Lawali ya kira ni ya ce akwai rarar kuɗi, kuma dole a kashe su kafin shekarar ofis ta ƙare, in ba haka ba su koma babban asusu, ba za mu sake ganinsu ba. Na ce alhamdu lillahi, a kira magini. Akwai tsaga a rufin soron ta wajen gabas, kowa yana ganinta, indararo ɗaya kuma ya karkace. Makubar yaɓe da ƙasa da ladan magini, shi ke nan.

Ya girgiza kai. "Malam Ummaru, kuɗin famfo na littattafai ne da kayan ɗaki da albashi. Haka aka rubuta. Rufi na ofishin gine-gine ne."

"To a gaya musu."

"Na rubuta. Sun ce ɗakin da yake da kuɗin kansa ba ya cikin lissafinsu."

"Su sun ce namu na, mu mun ce nasu na. Ruwan sama wa za shi tambaya?"

Ya ci gaba da jera takardunsa. Aka sayo agogon bango. Aka sayo bencina masu majingina. Aka sayo wani dogon kabad mai ƙofar gilashi da makulli, aka jingina shi da bangon gabas, domin shi ke kallon ƙofa, mai shigowa ya fara ganinsa. Mai Lofe ya zo da kansa ya sa littafin Malam Basharu a ciki, a tsaye, ya ja baya yana kallo yana busa hayaƙi. Aka ce an girmama littafin. Kuɗin kabad ɗin nan kaɗai ya isa a yaɓe soron har sau nawa, ban ƙidaya ba, kada raina ya ƙara ɓaci.

Yanzu ga rami na biyu. Ruwa ya sauka. Kowace mace ta tara randa da ƙwarya a ƙarƙashin indararo, rijiyoyi suka ciko, 'yan garuwa suka rataye sanduna suka koma gona. Wa zai sayi ruwa ana zuba masa kyauta daga sama? Mai jiran famfo sai barci. A shekarun baya akan ɗan lallaɓa har a fita damina, amma wannan daminar ta zo da wuri, ta zo da ƙarfi, rarar rani kuwa tana tsaye a jikin bango tana buga ƙarfe. Kuɗin ɗakin na rani ne, ɓarnar littafi kuwa ta damina ce. Babu wanda ya zauna ya haɗa waɗannan biyun a cikin masu albashin hangowa.

Malam Lawali ya kira ni da mai gadi, ya ce babu abin biyan mu, an rufe ɗaki sai kaka. Ban yi maganar albashina ba, ina da rumfa. Na ce a ba ni littafin Malam Basharu in mayar masa, in an buɗe a dawo da shi.

"Yana da lamba. Sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe za shi zama?"

"Bature ya tafi hutu ƙasarsu. Sai ya dawo."

"To ba ni izini in kawo magini da kaina. Ba ni son ko anini."

"Ba a hawa ginin hukuma sai da takarda daga ofishin gine-gine. In wani ya faɗo, ni za a kama."

Na je ofishin, aka ce mai sa hannu yana rangadi. Na koma, aka ce in dawo. Na je na gaya wa Malam Basharu halin da ake ciki, ban rage komai ba. Ya aika a karɓo masa abinsa, aka gaya wa ɗan aiken abin da aka gaya mini. Mai littafi da kansa, a ce sai Bature ya dawo daga hutu! Malam ya ce mu yi haƙuri, tun da an ce akwatin na gilashi ne. Na riƙa bi ta wurin ina duba bango daga waje. Daga waje ba a ganin komai.

Wata Juma'a aka wuni ana ruwa tun safe, aka taso masallaci ana ruwa. Ina rumfa ina tattara fatu, sai ga Arzika a jiƙe, ya shigo gari salla, ruwa ya tsare shi, ya fake a bakin ƙofar ɗakin karatu.

"Baduku, tashi! Ɗakinmu na hitsari!"

"Mi kac ce?"

"Ruwa ka hitowa ta ƙarƙashin ƙohwa, ja wur, kamar an kwance gulbi ciki. Na sa kunne, na ji shina zuba."

Muka ruga gidan Malam Lawali. Zan faɗi gaskiyarsa: bai ce kwamiti ba, bai ce takarda ba. Ya zari makullai ya fito ko takalmi babu, ya riga mu isa.

Rufin ya buɗe daidai inda tsagar take, ƙasa ta zubo, ana ganin azara. Ba ranar ya fara ba, warin ɗakin ya nuna an daɗe. Jaridu sun zama kunu. Agogo ya tsaya. Gafakokin da ke rataye a sauran bangaye waɗansu sun sha ruwa, muka kwashe su. Da rana ta leƙo muka shimfiɗa tabarmi a waje, muka kwance igiyoyi, muka baza fallaye ɗaya bayan ɗaya muna danne su da tsakuwa. Masu dawowa daga sallar la'asar suka tsaya suka taya mu. Arzika yana ɗaukar falle da yatsa biyu kamar zai ƙone shi, yana tambaya ko ya juya shi daidai. Waɗannan duk sun tsira, sai ɗan tabo. Littafin da ba a ɗinke ba, kowane falle yana shan iskarsa shi kaɗai.

Kabad na bari ƙarshe, domin tun daga ƙofa na ga gilashinsa ya yi gumi ta ciki. Ruwa ya bi bango ya shiga ta bayansa, ƙofar gilashi kuma ta hana shi bushewa. Littafin ya kumbura har ya ɓalle marfinsa. Na ɗauko shi, ya yi nauyin tubali, funfuna ta yi masa gashi. Na kai shi rumfa, na yanke zaren da na yi rani ina ɗinkawa, na raba shi da bango. Na gwada bakin aska, na gwada tururi, na gwada haƙuri. Talgen da ke gefen kowane falle ya narke ya bi takarda ya sake kamawa. Tawadarmu kuwa ta gawayi da ƙaro ce, ruwa take jira. Inda na samu na ɓamɓare, tsakiyar shafi tana nan ana iya karantawa, wato abin da ke akwai a kowane zaure. Gefe kuwa, inda ruwa ya fara shiga, ya zama baƙin girgije. Rubutun mutum uku, babu layi ɗaya da ya fita.

Ku lura da kyau. Gara ba ta taɓa shi ba, maɗaci ya yi aikinsa. Ba a zare falle ko ɗaya ba, ɗinki ya yi aikinsa. Allura ba ta taɓa harafi ba. Duk abin da ke hannun baduku an yi shi.

Na naɗe shi a farin ƙyalle, da bangon a sama, na tafi Ƙofar Kware. Arzika ya biyo ni ba tare da na kira shi ba, ya tsaya a bakin zaure. Na durƙusa na ajiye a gaban Malam. Bai tambaye ni ba, warin ya riga ni magana. Ya kwance ƙyallen, ya bi gefen da yatsa, ya kai shi kusa da ido, ya mayar.

"Babu ko kaɗan?"

"Tsakiya na nan, Malam. Gehe babu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Akwai wata mas'ala ta mata biyu da ɗiya da kaka, da kakana yaw warware. Kullum ina cewa in sa a kwahe ta. Ina tuna farkonta." Ya fara faɗa a hankali, ya kai tsakiya, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Bai sake gwadawa ba.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni kab ba."

"Kai nib ba, kuma ka zo da ƙahwarka. Sauran fa?" Ya ɗauki bangon ya miƙo mini. "Riƙe abinka, ba shi da laihi. Wanga kuwa akwai sunan Allah ciki, a gina rami bayan gida a rufe shi."

Arzika ne ya gina ramin, shi ke da hannun fartanya. Da ya mayar da ƙasa ya daddanna da ƙafa, ya dube ni, babu dariya a fuskarsa wannan karon.

"Baduku, shahin nawa na ciki?"

Na ce yana ciki.

Kafin kaka duk malaman da suka ba da aro sun aiko an karɓe musu littattafansu, kuma babu wanda ya ce a jira kwamiti. Mai Lofe ya dawo daga hutu, ya ga rufi, ya yi faɗa, cikin mako aka samo kuɗin da aka ce babu, aka yaɓe soron da makuba har yana ƙyalli. An yi rufi mai kyau bisa kabad ɗin da babu komai a ciki. Malam Basharu bai ga wata daminar ba. Aninin kuwa ba a cire shi ba. Rani ya dawo, layi ya dawo, Arzika da 'yan'uwansa suka ci gaba da ajiyewa kullum safe.

Da bazara ta zagayo Malam Lawali ya zo rumfata, ya gaishe ni da ladabi, ya ce akwai rarar kuɗi, dole a kashe kafin shekarar ofis ta ƙare. Kwamiti yana so a yi wa tsofaffin jaridu bangon jar fata, mai layin kuloko, irin wancan. Ya nuna wanda ke rataye bisa ƙofa.

Na ce, "An gyara takardar? Kuɗin famfo na iya hawa rufi yanzu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ana kan magana."

"To in an gama magana ka dawo."

Bai dawo ba, ni ma ban koma ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini littafin hannu ya ce in ɗinke, kafin in taɓa fata sai na tambaye shi ɗakin da zai kwana, da wanda ke yaɓe rufin ɗakin, da lokacin da kuɗin yaɓen ke zuwa. In ya yi inda-inda, in yi masa tadarishi da gafaka ya tafi da abinsa a kwance. Kun sha ganin ina korar aiki kuna zunɗena, kuna cewa tsoho ya rikice.

Yanzu wanda ya ce aikin zaman inuwa ne ya tashi ya sauko da bangon nan. Ya ɗaga shi ga rana ya nemi huji. Ya bi layin ya nemi inda hannu ya karkace, ya ja marfin ya ga ko zai saki. In ya gama ya buɗe shi ya karanta mini abin da ke ciki.